Gwiwar Ƙarfe a Gidan Maɗora

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Sunana Shaibu, a Dumega nake, sana'ata gyaran famfunan foraj, wato rijiyoyin burtsatse, na ƙauyuka. Na rubuta wannan ne domin duk wanda za a sa wa gwiwar ƙarfe ya karanta, ko a karanta masa, kafin ya baro asibiti. Ni ban samu wanda ya gaya mini ba, ko kuwa in faɗi gaskiya, an gaya mini, na toshe kunne.

Shekara ashirin da bakwai ina zagaya ƙauyuka tara bisa keke ɗaya, jakar kayan aiki ɗaure a baya. Masu cewa me ya hana ni sayen babur ba su san abin da ake ba ni ba. Wani gari in na gyara famfo, tiya uku ta hatsi za a auna mini da godiya. Hatsi kuwa ba a zuba shi a tankin babur. Saboda haka in babu keke babu aiki, iyakar maganar ke nan.

Gwiwar dama ce. Tun ina saurayi bututun famfo ya suɓuce ya faɗa mata, yayana Namata ya ɗora ta, ta warke. Gidanmu gidan ɗori ne tun kakanni, kuma Yaya Namata ne ya gaji hannun babanmu. Daga Tibiri, daga tsallaken iyaka, ana kawo masa karaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar baba, shi ya koya mini keke ina ɗan shekara goma. Ban taɓa ce masa a'a ba, ko sau ɗaya.

Shekara biyu kafin aikin gwiwar ta fara ƙara in na taka feda. Da safe sai na yi ta lallashinta kafin ta yarda in miƙe. Salla ta koma ta miƙe ƙafa gefe. A hanya turin keken ya fi hawansa yawa. Rannan ina tafiya Tungar Kalgo da hantsi ta ƙulle gaba ɗaya, ba gaba ba baya. Amalanken jaki ya maido mu gida, ni da keken, muna kwance tare, mutane na ta yi mini sannu. Wallahi ranar kunya ta fi ciwon.

Nan fa shawara ta ɓarke. Wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, jini ya fita, ciwo ya zauna. Gwaggona ta ce na taka wurin iskoki ne a gindin wata kuka, a kai ni Lugu wurin masu bori. Ɗan ƙanwata mai shago a Dogon Dutsi ya ce in na je Lugu ba ruwansa da ni, ya aiko man zaitun kwalba biyu. Na shafe su tas. Ƙwayoyin kasuwa kuwa na sha har cikina ya fara zafi, matata Rabi ta kwashe sauran ta zuba a masai.

A asibitin Dogon Dutsi na yi layi tun safe har azahar kafin a ɗauki hoton ƙashi, wanda suke kira radiyo. Likita ya ɗaga shi wajen taga ya ce, "Baba, abin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya cinye. Yanzu ƙasusuwan ne ke gugar juna." Ya ce sai Yamai. Sau uku ina zuwa Yamai, kowane zuwa da sabuwar takardar magani da sabon gwajin jini, kafin a sa sunana cikin waɗanda wasu baƙin likitoci za su yi wa aiki da rangwame. Rangwamen nan ma sai da ya ci san nomana. Wata biyar na jira kira.

Likitan da ya karɓe ni ɗan ƙasa ne, mai hanzari, ba ya zama. Tambaya ɗaya na yi masa.

"Likita, zan sake hawa keke?"

"Za ka hau, in gwiwar ta lanƙwashe ta kai san-dis."

"Mene ne san-dis?"

"Ɗari da goma. Da shi feda ke zagayawa." Ya lanƙwashe hannunsa ya nuna mini. "Aikina awa biyu ne. Sauran naka ne."

Aikin ya yi kyau, Allah ya saka musu da alheri. Amma washegari, ɗinki bai ko bushe ba, sai ga wata mata da suke kira kine, mai motsa gaɓoɓi. Ta kama ƙafar ta tura. Ni da nake ɗaga bututu goma sha biyu daga rami, na yi ihu har mai sharar ɗaki ta leƙo. Tana da wani ma'auni na roba mai baki biyu, ta ɗora a gwiwa ta ce talatin da biyar. Duk zama haka. Ranar da anka cire ƙarafan ɗinki, kwana goma sha biyu da aiki, na kai saba'in. An rubuta mini zama ashirin a wurinta. Shida na yi.

Ruwan shuka ya sauka a gida. Ɗakin da muke raɓe a Yamai na wani suruki ne, mun fara yi masa nauyi, ko bai faɗa ba. Sai ga Yaya Namata ya zo da kansa, ya ce jinya a gida ake yinta. Kine ta yi ta roƙo, da ta ga ba zama za mu yi ba ta ba Rabi takarda mai zane-zanen mutum yana lanƙwasa ƙafa. Ta ce sau uku a yini, ko ina kuka.

Tafiyar mota ta kumbura gwiwar, ta yi zafi rau. Da munka iso, Yaya ya wanke hannu ya zauna ya lalube ta a hankali, idonsa a rufe, yadda yake yi wa kowa.

"An yanka ƙashi nan ko ba a yanka ba?"

"An yanka, Yaya. Sama da ƙasa."

"To ƙashin da anka yanka karaya ce, ko da wuƙar likita. Kai ɗan gidan ga ne. Ka taɓa ganin mun bar karaya tana motsi?"

Rabi tana bakin ƙofa da takarda a hannu. Ta ce, "Yaya, matar nan hwa ta ce kullum a lanƙwasa."

"Matar nan ƙafa nawa ta ɗora? Ki duba yadda ta kumbura. Wahalar da sunka ba ta ce."

Ya aika anka yanko kara, ya jera, ya naɗe ƙafar tun daga cinya har ƙwauri, ya ce kwana arba'in. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: daɗi na ji. Da ya ɗaure, ciwon ya kwanta. Na tuna hannun matar nan, na ce a raina Allah ya raba ni da azaba. Ba biyayya ce kaɗai ta rufe mini baki ba, har da tsoro.

Mako na farko kumburi ya saɓe, kowa ya ce ka ga hannun gado. Masu gaisuwa suna cika zaure, su duba karan, su ce ai likita yankawa ya iya, warkarwa sai Namata. Yaya yana zaune yana jan carbi, amma na san yana ji. Ta yaya zan kwance ɗorinsa a gaban mutanen da ke kawo masa ƴaƴansu?

Mako na biyu Rabi ta same ni ni kaɗai da hantsi.

"Maigida, bari in kwance, mu yi na takarda ko sau biyar, in mayar. Ba wanda zai sani."

"Yaya zai sani. Ƙullinsa daban ne."

"To san da munka sayar, don ka kwanta munka sayar da shi?"

Na daka mata tsawa, na ce ta fita. Ta fita, ta soke takardar a jikin rufin ɗaki. Abu ɗaya ta ƙi: da Yaya ya zo shafa man shanu, ta tsaya kai da fata kada ya taɓa wurin ɗinki. Likita ya ce daga baya wannan taurin kan nata ne ya hana ƙarfen ruɓar da ƙafar.

Mako na uku, na huɗu, na biyar, ina kwance ina jin ana noma. Keken yana jingine a bango, kaji na kwana a kansa.

Ranar arba'in Yaya ya kwance kara a gaban mutane. Cinyar ta tsotse, amma ba kumburi, ba ciwo. Anka yi fatiha. Ya ce in zauna a kujera. Na zauna, ƙafar ta tsaya miƙe a gabana. Na ce mata ta sauko, ta ƙi. Na kama da hannu biyu na danna, ta ɗan sunkuya kaɗan ta tsaya cak, kamar an sa mata sakata. Yaya ya ce jijiya ce, za ta saki da ruwan zafi. Kwana huɗu Rabi na dafa ruwa, ba abin da ya saki.

Ran na biyar na sa ta riƙe mini keken. Na ɗora ƙafar a feda tana ƙasa. Fedar ta taso ɗan kaɗan, gwiwa ta ce nan ne iyaka. Na sauko na zauna a ƙasa a tsakar gida, na yi kuka da hawaye, ina da shekara hamsin da takwas.

Munka koma Yamai, har da Yaya. Kine ta ɗora ma'auninta, ta ɗaga, ta sake ɗorawa. Arba'in da biyar. Ta kira likita. Bai yi gaisuwa ba.

"Ka tafi da saba'in. Me ya faru?"

Ya duƙa ya duba fatar ƙafar.

"Wannan ƙafar ɗaure ta anka yi. Ga shaidar kara nan a fata. Wa ya ɗaure?"

Na ce, "Likita, ni ne ban..."

"Ni na ɗaure," in ji Yaya daga bayana. "Kwana arba'in."

Likita ya dube shi, ya ga furfura, ya sassauta murya. Ya ce, "Baba, ƙarfen nan an kafa shi da siminti, tun ranar farko ya kama. Ba karaya ba ce. Naman da ke kewaye da shi ne ke mannewa in ba a motsa ba. Yanzu ya manne." Ya ce saura hanya ɗaya: a sa ni barci a lanƙwasa da ƙarfi, mannewar ta yage. Ƙashi yana iya tsagewa garin haka. In kuma anka wuce wata uku, ko wannan ba za ta yi ba, haka zan ƙare da ƙafa a miƙe. Lokacin saura mako biyar wata ukun ya cika.

Yaya ya fita. Da munka fito ba mu same shi ba, ashe tasha ya wuce.

Anka yi. Da na farka likita ya ce ina barci ta kai ɗari, ƙashi bai tsage ba, amma in na yi wasa za ta sake mannewa, kuma ba zai ƙara taɓa ta ba. Mako biyu na yi hannun kine, safe da yamma. Na zage ta a zuci, na sa mata albarka a baki, yau kuwa albarkar ce ta rage. Da tamanin na dawo gida. Ta koya wa Rabi dabara: in zauna a kujera ɗaya, a wuri ɗaya, in ja diddige baya, a ja layi da gawayi inda babban yatsa ya tsaya. Ta auna ta nuna mata inda layin san-dis zai kasance. Tsakaninsa da nawa taki ɗaya ne na hannu.

Taki ɗaya! Rabi takan durƙusa ta tura, da na yi ƙara sai ta saki, ta ce ba za ta iya ba. In ce ta tura, ta tura, in yi ihu, ta saki. Kwana goma layin bai matsa ba. Ran sha ɗaya yatsana bai ma kai layin jiya ba. Na ce kujerar ce ta gusa. Rabi ta ce kujera ba ta gusa ba.

A makon nan mai garin Tungar Kalgo ya kira ni a waya. Famfonsu ya tsaya, mata sun koma tsohuwar rijiya, yara na ta gudawa. Ya ce, "Shaibu, ba mu son kowa sai kai, amma akwai wani mai babur a Tibiri. Sauran garuruwan ma suna tambaya. Mu jira ka, ko kuwa?" Na ce su kira shi ya gyara musu wannan, ruwan yara ba ya jira. Amma na san in ya zagaya ƙauyukan nan sau biyu, shi ke nan, an manta da mai keke. Da na ajiye wayar na ce wa Rabi ta nemo mai sayen keken. Na ce da na sani da na bar gwiwata ta dā, ko ba komai tana lanƙwashewa. Na daina cin abinci sosai. In an yi sallama sai in juya fuska bango in yi kamar barci nake.

Duk wannan lokaci Yaya bai tako gidana ba, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu. Labari ya zaga cewa ɗorin Namata ya sandarar da ƙafar ƙanensa. An ce wani yaro ya karye a unguwarmu, anka wuce da shi ta ƙofar Yaya zuwa wani gari. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanda ya fi ba.

Wata safiya Rabi na turawa ina ihu tana saki, sai munka ji gyaran murya. Yaya ne tsaye, ban san tun yaushe ba. Ya rame.

"Ina takardar matar nan?"

Rabi ta zaro ta daga rufin ɗaki. Ya daɗe yana duban zanen, ya juya shi, ya sake dubawa. Ya duba layukan gawayi.

"Wanne ne na likita?"

Ta nuna masa.

"Tashi, Rabi. Ke kina jin kukanshi. Ni shekara arba'in ina jan ƙashin mutane suna zagin uwata, ban taɓa saki ba."

Ya wanke hannu, ya durƙusa, ya kama ƙwaurina. Ya ce, "Shaibu, ni na ɗaure ta. Ka bari in kwance." Ya tura. Jama'a, na ga taurari da rana tsaka. Na kira sunan Allah, na kira innarmu da ke kabari, na ce Yaya don girman Allah ka bari. Ko gezau. Yana ƙirgawa a hankali har ashirin, kamar yadda Rabi ta gaya masa, sannan ya saki. Ba kamar kine yake turawa ba, yatsunsa na bin jijiya, ya san inda zai tsaya kafin abu ya ɓaci. Da Rabi ta ja layi, ya wuce na jiya da faɗin yatsa ɗaya.

Sau uku a yini yake zuwa. Maƙwabta sunka saba, in sun ji ihu su ce Namata ya shiga. Wata rana a samu rabin yatsa, wata rana ba komai, wata rana gwiwa ta kumbura sai an kwana biyu ana sa mata tsumma mai sanyi. Munka rataye bayan keken a reshen bedi, wato dogon yaro, tayar baya na lilo, nakan hau in yi ta kai feda gaba in dawo da ita baya, rabin zagaye, rabin zagaye. Can sama take tsayawa kullum, saura ƙiris.

Bayan mako bakwai layin ya tsaya, ya ƙi gaba. Da na koma awo Yamai, kine ta ce ɗari da uku, kuma da wuya ya ƙaru. San-dis dai ban same shi ba, har yau. Na dawo a mota ina kallon taga har Dogon Dutsi.

Amma ni makanike ne. In bututu ya ƙi kaiwa, ba zama nake yi ina kallonsa ba. Na ɗaga sirdi sama har iyakarsa. Na je wurin mai faci na sayi ƙarafan feda na keken yara, gajeru, na ɗaura. Na hau a gindin bedi, na tura baya, na karkata ƙugu, na ciji leɓe. Ta tsaya can sama inda ta saba, ta yi kamar za ta dawo, sai ta wuce. Rabi ta saki guɗa har awaki sunka watse.

To ga gargaɗina. Wanda anka sa wa ƙarfe, kada ya baro kine sai ya cika zamansa, ko zai kwana a tasha. Kada a ɗaure, kada a kwanta, ciwon lanƙwasawa shi ne maganin. Ni kwana arba'in na hutu sun ci mini abin da ba zai dawo ba: a kujera nake salla, ba na iya durƙusawa bakin famfo sai dai in zauna in miƙe ƙafa, kuma ƙauyuka huɗu cikin tara sun tafi wurin mai babur. Yaya kuwa yanzu duk wanda anka kawo masa, tambayar farko da yake yi ita ce ko akwai ƙarfen likita a ciki. In an ce akwai, sai ya ce a mayar da shi inda anka sa.

Ranar da zan fara fita hanya, wata bakwai da aiki, famfon Tungar Kalgo ne ya sake tsayawa, mai garin kuma ya kira ni. Na ɗaure jaka, munka fito bayan gari inda ƙasa ke da tauri. Sirdin ya yi tsawo, ƙafata ba ta kai ƙasa, in na faɗi kuwa kan gwiwar zan faɗi. Yaya ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Rabi, ya kama bayan sirdi, tsoho mai shekara saba'in.

"Taka."

"Yaya, kada ka saki."

"Taka, na ce. Ina riƙe."

Na taka. Feda ta zagaya, ta sake zagayawa. Ina jin takunsa da hakinsa a bayana, jakar kaya na ƙara. Munka wuce gawon bakin hanya, munka wuce gonar liman. Gwiwa na ja, amma tana tafiya.

"Yaya, kana riƙe?"

Shiru. Ban iya waiwayawa ba, tsoron faɗuwa nake.

"Yaya!"

Sai na jiyo muryarsa can nesa, tana rawa.

"Wuce, Shaibu! Mutane na jiran ruwa!"